Thomas Bewick: Masassaƙin Da Ya Shigar Da Karen Talaka Cikin Littafi

Daga Abena, Njamena

 Yau za mu tsallaka teku zuwa ƙasar Ingila, mu ɗauko labarin wani mai sana'ar hannu mai suna Thomas Bewick, wanda mutanen garinsu ke furta sunansa Biyuwik. Ya rasu tun 1828, amma har gobe masu tara tsofaffin hotuna suna neman aikinsa, musamman hotunan karnukan da ya sassaƙa a kan guntayen katako waɗanda ba su kai faɗin tafin hannu ba.

Mun san wani zai ce, ina ruwan ɗan kasuwar Kuseri ko Gamboru da Baturen da ya yi suna wajen zanen kare? Dalilinmu biyu ne. Na farko, mutumin ya bi hanyar da da yawa daga cikinku suka bi. Ya yi yaron shago, ya haɗa jari da maigidansa, sun saɓa sun rabu, ya yi fama da masu buga jabun kuɗi, har rasit mai dangwalen yatsa ya bayar. Na biyu, yaron da ya koya wa sana'a shi ne ya zana wasu karnukan farauta uku da wani Bature ya tafi da su Landan bayan ya zagaya Kukawa da Tafkin Chadi da Kuseri. Za mu zo kan wannan a gaba.

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Thomas Bewick a watan Agusta na 1753, a wani gidan gona da ake kira Cherryburn a gefen kogin Tyne, kusan kilomita 20 yamma da birnin Newcastle, garin nan na arewacin Ingila da masu kallon ƙwallon ƙafa suka sani. Mahaifinsa John manomi ne mai hayar 'yar gona, yana kuma riƙe da hayar wani ƙaramin ramin haƙar kwal. Thomas ne babba cikin 'ya'ya takwas.

Yaro ne mai ƙiriniya. An sa shi makaranta a ƙauyen Mickley, daga baya aka mai da shi wajen limamin cocin Ovingham, Christopher Gregson, a tsallaken kogi, amma sau da yawa sai ya zame ya nufi bakin ruwa kamun kifi, ko ya bi mafarauta daji. Ya sha bulala a kan haka, gida da makaranta. Abin da ba a taɓa tilasta masa ba shi ne zane. Ya cika gefen littattafansa da hotuna, da takarda ta ƙare sai ya ɗauki alli ya koma kan duwatsun kaburbura da daɓen ƙofar coci, da dare kuma ya durƙusa gaban murhun gidansu yana zane a ƙasa. Har ta kai maƙwabta suna karɓar hotunan farautarsa, na dawakai da karnuka da zomaye, suna mannawa a bangon ɗakunansu.

A cikin tarihin rayuwarsa da ya rubuta da kansa bayan ya tsufa, ya ba da labarin wani abu da ya sauya masa zuciya tun yana yaro. Wata rana karnuka suka ritsa wani zomo, sai ya yi wuf ya ɗauke shi ya rungume, zomon na ta kuka kamar jariri. Wani manomi ya ce ya ba shi, shi kuwa ya miƙa da zaton za a cece shi. Sai mutumin ya karya wa zomon ƙafa ɗaya ya sake shi, don karnuka su ƙara ɗan wasa da shi. Daga ranar, duk farautar da ya bi, fatansa zomo ya tsira. Wannan tausayi ya bi shi har cikin aikinsa na ƙarshe a duniya.

Shekara bakwai a shagon Beilby

A watan Oktoba na 1767, yana da shekara 14, aka kai shi Newcastle koyon sana'a wajen wani mai suna Ralph Beilby, bisa yarjejeniyar shekara bakwai. Fam 20 da kakarsa ta bari ne aka biya kuɗin koyon da su. Shagon Beilby kuwa ba ya mai da aiki. A nan ake rubuta suna a jikin cokalin azurfa, a zana lambobin fuskar agogo, a sassaƙa hatimi da allon tagulla na ƙofar gida, a yi wa 'yan kasuwa kan takardar shago, har sunan mai kare ake rubutawa a abin wuyan karensa. In kun haɗa aikin maƙerin fari da na mai sassaƙa hatimi a bakin kasuwa, to kun gane irin shagon.

Aiki ɗaya ne maigidan ba ya so, shi ne sassaƙa hoto a kan katako. A lokacin an raina wannan aiki, an bar shi ga masu buga 'yan takardun kwabo-kwabo, manyan littattafai kuwa da farantin jan ƙarfe ake buga hotunansu. Saboda haka duk aikin katakon da ya shigo sai a tura wa yaro. Cikin na farko-farko akwai zane-zanen lissafi na littafin wani malami mai suna Charles Hutton. Abin da maigida ya raina, da shi yaron ya ci abinci har ƙarshen rayuwarsa.

Ga yadda aikin yake. Akwai wani icce mai tsananin tauri da ake kawowa daga ƙasar Turkiyya. Maimakon a tsaga shi a tsaye kamar katakon ƙofa, sai a yanka shi a gicciye kamar yadda mai rake ke yanka gaɓa, a goge fuskar ta yi sumul. A kan wannan fuska ake zana hoton, sa'annan a bi shi da ɗan ƙarfe mai tsini irin na masu zane a jikin azurfa. Duk inda ƙarfen ya ci, wurin zai fito fari a takarda, inda aka bari kuma shi zai ɗauki tawada. Kamar hatimi ne, komai a juye ake yinsa, kuma in hannu ya zame ba gyara. Ba Bewick ne ya fara wannan dabara ba, amma shi ya kai ta inda ba a zata ba, har yana iya fitar da gashin kare ɗaya bayan ɗaya. Yakan kuma ɗan rage tsayin wani ɓangare na katakon, don abin da ke nesa a hoton ya fito dishi-dishi.

Ribar abin a wajen ɗan kasuwa ita ce sauƙin kuɗi. Farantin jan ƙarfe sai an buga shi daban a wani inji, a shafa tawada a goge kafin kowane bugu, kuma yana saurin cinyewa. Katako kuwa ana yanka shi daidai tsayin haruffan ɗab'i, a jera su tare, bugu ɗaya ya fitar da rubutu da hoto. Bewick ya taɓa ƙiyasta cewa wani guntun katako da ya yi wa wata jaridar Newcastle ya yi bugu kusan 900,000. Ta haka littafi mai hoto mai kyau ya sauko inda malamin makaranta da manomi za su iya saya.

Kare ne ya fara ci masa kyauta

Ya gama wa'adinsa a 1774. A shekarar 1775 wata ƙungiyar ƙarfafa sana'o'i ta Landan ta duba wasu hotuna da ya sassaƙa don littafin tatsuniyoyi, cikinsu har da hoton wani mafarauci da tsohon karensa na farauta, ta ba shi zaɓi tsakanin lambar yabo da kuɗi. Ya zaɓi kuɗin, fam bakwai da sule bakwai, ya kai wa mahaifiyarsa.

A 1776 ya yi yawon ƙasar Sikotilan da ƙafa, daga nan ya shiga jirgin ruwan dakon kwal zuwa Landan, inda duk mai sana'a ke mafarkin zuwa. Ya sami aiki, kuɗi na shigowa, amma zaman bai yi masa ba. Ganin masu dukiya da masu kwana a titi gefe da gefe ya dame shi, ga kewar kogi da dajin garinsu. Bayan kimanin wata tara ya tattara ya koma gida a 1777. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, shi kam bai yarda gida ya bar shi ba. A wannan shekara Beilby ya ɗauke shi abokin haɗin gwiwa, shi kuma ya ɗauki ƙanensa John yaron koyo. Duk ƙarshen mako yakan taka da ƙafa daga Newcastle zuwa Cherryburn ya gaida iyayensa, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, har zuwa 1785, shekarar da mahaifiyarsa da mahaifinsa da ƙanwarsa Hannah suka rasu. A 1786 ya auri Isabella Elliot, suka haifi 'ya'ya huɗu, mata uku da namiji ɗaya mai suna Robert.

Littafin dabbobi masu ƙafa huɗu

Tun yana yaro yake jin haushin hotunan dabbobin da ke cikin littattafan yara, don ya san doki da kare ba haka suke ba. Sai shi da Beilby suka shirya yin littafin tarihin dabbobi masu ƙafa huɗu, Beilby ya yi rubutu, shi ya yi hotuna. Ya fara sassaƙa hoton farko ranar 15 ga Nuwamba 1785, ranar da mahaifinsa ya rasu, kuma dabbar da ya fara da ita raƙumi ne mai tozo ɗaya, irin namu. Da rana yana aikin shago, da dare ya kunna kyandir ya duƙufa kan katako. Littafin ya fito a 1790 da hotunan dabbobi kimanin 200. Bugun farko, kimanin kwafi 1,600, ya ƙare nan da nan, aka sake bugawa a 1791 da 1792, kafin rasuwarsa an buga shi sau takwas.

Wanda ya buɗe littafin zai ga bambanci a fili. Dabbobin da bai taɓa gani ba, irin su raƙumin dawa, daga littattafan wasu ya kwaikwayo su, kuma sun fito a sandare. Waɗanda ya tashi da su kuwa kamar su yi motsi. Gani ya kori ji. A nan ne karnukansa suka yi fice, don kowanne ya san shi a bakin aikinsa.

Akwai karen makiyayi da ke tattaro tumaki daga kan tsauni. Akwai karen masu koro shanu zuwa kasuwa, wanda ke cizon saniya a dunduniya ya kauce kafin ta yi harbi. Akwai ƙaton karen gadi mai faɗin kai, da siririn karen gudu mai kama da na mafarautanmu, da wani da masu satar farauta ke fita da shi da dare kamun zomo ba tare da ya yi haushi ba. Akwai mai ɗigo-ɗigon baƙi da ke bin keken dokin attajirai, da babban karen Newfoundland mai iyo, wanda ya zana daga wani da ya gani da idonsa a Eslington. Har ila yau akwai wani ɗan gajeren kare mai karkatattun ƙafafu da ake sa wa cikin wata ƙafar keke ta katako a ɗakin girki, yana gudu a ciki tana juya ƙarfen gashin nama. Irin wannan kare ya ƙare a duniya tun da aka sami na'urar da ta karɓe masa aiki, sai a hoto kawai ake ganinsa.

A ƙarshen babi, inda fili ya rage a shafi, Bewick yakan cusa wani ɗan mitsitsin hoto na rayuwar ƙauye, kuma da yawa daga masana sun fi son waɗannan. Kare na yawan fitowa a cikinsu. Ga makaho kare na yi masa jagora. Ga matafiyi cikin ruwan sama, karensa na biye a jiƙe. Ga yara sun ɗaura wa kare gwangwani a wutsiya suna bin sa da ihu, wani babban mutum kuma na tsaye yana kallo bai hana ba. Ba ya rubuta wa'azi a ƙasan hoton, mai kallo ne zai ji kunya da kansa. Mu ma a unguwanninmu mun san irin wannan wasa na yara da jifan kare, mun kuma san manyan da ke wucewa ba su tanka ba.

Ba shi kaɗai ke zanen karnuka a Birtaniya ba. George Stubbs, wanda ya rasu a 1806, ya zana dawakai da karnukan manyan masu ƙasa. Philip Reinagle ya zana karnukan farauta, John Scott, shi ma haifaffen Newcastle, ya sassaƙa su a farantin ƙarfe don wani littafin mafarauta da ya fito a 1803 da 1804. Daga baya Edwin Landseer, wanda ya rayu daga 1802 zuwa 1873, ya zana karnukan Sarauniya Biktoriya, yayansa Thomas Landseer yana mai da hotunansa na bugawa ana sayarwa. Yawancin waɗannan karnukan fada ne da na masu hali. Na Bewick na makiyayi ne da mahauci da mabaraci.

Akwai kuma dalilin da ya sa masana ke komawa kan waɗannan tsofaffin hotuna. Gasar nuna karnuka ta farko a Ingila an yi ta ne a 1859, a Newcastle ɗin nan dai, aka kuma kafa ƙungiyar rajistar irin karnuka a 1873. Daga nan masu kiwo suka shiga sauya siffar karnuka don cin gasa, wani a gajarce masa hanci, wani a tsawaita masa gashi. Wanda ke son ganin yadda suke a zamanin da aiki ne ke zaɓen kare, kafin a ƙirƙiro kyamara, sai ya nemi hotunan su Bewick.

Rabuwa da maigida

Bayan dabbobi sai suka shiga littafin tsuntsayen Birtaniya, wanda ya fi duk ayyukansa suna. Kashi na farko ya fito a 1797, kuma a kansa ne zumuncin shekara 30 ya tsinke. Beilby ya so a rubuta shi a matsayin marubucin littafin shi kaɗai. Bewick ya ƙi, yana ganin shi ne ya san tsuntsayen, shi ya yi ta gyara rubutun. Aka kira mutane suka shiga tsakani, littafin ya fito ba a ba Beilby wannan matsayi ba, amma a ƙarshen shekarar suka raba gari. Bewick ya biya shi rabonsa ya riƙe shagon, ya kuma rubuta kashi na biyu da kansa, wanda ya fito a 1804. Ko bayan nan rigima ba ta ƙare ba, don sai da ya yi doguwar taƙaddama da Sarah Hodgson, matar marigayi mai maɗaba'ar da ke da kaso a littafin dabbobin. Ku lura, 'yan kasuwa, ba a kan asara suka saɓa ba. Sai da riba da suna suka zo, sa'annan aka tuna ba a rubuta tun farko wa ke da me ba.

Duk da sunan da ya yi, aikin yau da kullum ne ke ciyar da gidansa. Yana sassaƙa wa bankunan yankinsu farantin buga takardun kuɗi, a zamanin da jabu ya yi yawa har ana rataye mutane a kansa, ya kuma ɓata lokaci mai yawa yana neman zanen da ɗan jabu ba zai iya kwaikwaya ba. Da ya fitar da littafin tatsuniyoyin Aesop a 1818, kowane kwafi na ɗauke da rasit mai sa hannunsa da hoton zanen babban yatsansa, wanda ya sassaƙa da kansa layi bayan layi. Wannan ya faru shekaru da dama kafin 'yan sanda su fara gane mutum da zanen yatsa.

Yaron shago da karnukan ƙasarmu

Shagonsa da ke harabar cocin Saint Nicholas a Newcastle ya yaye yara da dama, irin su Robert Johnson, Charlton Nesbit, Luke Clennell da John Jackson. Gaskiya ita ce wasu hotunan da suka fita da sunan maigida hannun yaran ne ya yi su, kamar yadda aka saba a shagunan wancan zamani, kuma bayan rasuwarsa Jackson ya tayar da wannan magana a wani littafi da ya fito a 1839. Cikin yaran, wanda labarinsa ya taɓo mu shi ne William Harvey, haifaffen 1796, wanda ya shiga shagon yana da shekara 14. Bewick ya yi ciwo mai tsanani a 1812, kuma Harvey na cikin waɗanda suka ɗauki nauyin sassaƙa hotunan littafin Aesop. A 1817 ya tafi Landan, inda maigidansa ya kasa zama, ya zama wanda masu buga littattafai suka fi nema wajen zanen hoton katako.

Yanzu sai mu dawo gida. A watan Fabrairu na 1823 wasu Turawan Birtaniya uku, Manjo Dixon Denham da Hugh Clapperton da Likita Walter Oudney, suka iso bakin Tafkin Chadi bayan sun ƙetaro Sahara daga Tarabulus, suka sauka Kukawa wajen Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi. Clapperton da Oudney suka nufi ƙasar Hausa. Oudney ya rasu a hanya kusa da Katagum, Clapperton ya shiga Kano a Janairun 1824, ya wuce Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Denham kuwa ya yi kudu da tafkin, a farkon 1824 ya biyo kogin Shari, ya sauka Kuseri, inda ya koka da sauro da ƙudaje, ya wuce har Logon. A lokacin babu birnin da muke zaune a ciki yau, don sai a 1900 Faransawa suka kafa Fort-Lamy a wannan tsallake, aka sauya masa suna zuwa Njamena a 1973.

Da Denham ya koma Ingila a 1825, cikin abin da ya tafi da shi akwai karnukan farauta uku, maza biyu da mace ɗaya. Aka ajiye su a gidan namun dajin sarki da ke Hasumiyar Landan, wata tsohuwar fada mai ganuwa inda sarakunan Ingila suka yi shekara wajen 600 suna tara zakuna da damisoshi. A 1829 aka buga littafi kan dabbobin wannan gida. Edward Turner Bennett ya yi rubutun, William Harvey ya je gaban keji ya zana dabbobin da idonsa kamar yadda aka koya masa, Branston da Wright suka sassaƙa a katako. Littafin ya kira su karnukan Afirka masu bin sawu, ya kuma kawo bayanin Denham cewa ya yi farautar barewa da su, suna iya ɗaukar ƙanshin sawu bayan awa ɗaya da rabi ko biyu da wucewar dabba, kuma in barewa ta yi kwana sukan bar sawun su yanke mata hanya. Duk mafaraucin da ya taɓa fita da kare a dajin Borno ko Bagirmi ya san wannan wayo. Karnukan da suka saba da fili sun ƙare a keji kusa da zakuna, amma siffarsu ta tsira a takarda.

Ba Turawa ne suka fara zana dabbobin ƙasar nan ba, duwatsun Ennedi cike suke da zanen shanu da raƙuma da dawakai na mutanen da. Sai dai hoton da aka buga dubbai ya shiga ɗakunan karatu na duniya, wannan ta hanyar guntun katako ya zo. Harvey ɗin nan kuma shi ne ya zana ɗaruruwan hotuna na fassarar Ingilishi ta Alfu Laila, wato Dare Dubu da Ɗaya, wadda Edward Lane ya yi aka kammala bugawa a 1841. Ya rasu a 1866.

Rasuwarsa

Bewick bai ga littafin yaron nasa ba. Matarsa ta rasu a 1826. A 1827 mai zanen tsuntsayen Amurka John James Audubon ya ziyarce shi, daga baya ya sa wa wani tsuntsu sunansa. Aikin da ke hannunsa na ƙarshe babban hoto ne na wani tsohon doki da ya gama bautar masu shi aka yasar da shi, yana tsaye cikin ruwan sama ƙashi da fata yana jiran mutuwa. Niyyarsa a buga shi da araha talakawa su rataya a ɗaki, ko mutane sa ji tausayin dabbar da ta yi musu aiki. An yi bugun gwaji ya gani, bayan 'yan kwanaki rai ya yi halinsa a gidansa da ke Gateshead, ranar 8 ga Nuwamba 1828, yana da shekara 75. An binne shi a Ovingham, a harabar cocin da ya yi wa zane da alli yana yaro. Denham ma a wannan shekara zazzaɓi ya kashe shi a Saliyo, inda aka naɗa shi gwamna. Dokar Ingila ta 1822 ta hana zaluntar shanu da dawakai, amma sai a 1835 aka faɗaɗa ta ta haɗa da karnuka, ta kuma hana wasan cuna wa bijimi kare.

'Yarsa Jane ta fitar da tarihin da ya rubuta a 1862. Gidan da aka haife shi ya zama gidan tarihi, ɗaruruwan katakansa kuma suna ajiye a Ingila da Amurka, wasu ma in an shafa musu tawada har yanzu suna fitar da hoto. Dillalan kayan da kuwa sukan sayi tsohon littafi da ya lalace, su ware shafukan karnukan, su sa kowanne a gilashi su sayar ɗai-ɗai.

A wajenmu kare ba dabbar da ake shiga da ita ɗaki ba ce, amma makiyayi da mafarauci da mai gadin shagon da kuka kulle kuka tafi gida sun san amfaninsa. Karen bana shi ke maganin zomon bana, in ji masu iya magana, to amma wa ke ajiye mana siffar karen bana, da ragon bana, da raƙumin da ke shigowa kasuwar dabbobi? Muna da masu zanen ƙwarya, da masu sassaƙa hatimi, da masu zana zaki da shaho a bayan manyan motocin da ke ƙetare gadar Ngeli. Muna kuma da yara masu cika bangon gida da gawayi ana dukansu. Bewick ma an doke shi, sai dai an sami fam 20 da maigidan da ya riƙe shi shekara bakwai. In akwai irin wannan yaro a gidanku ko a shagonku, Alhaji, a nema masa wanda zai koya masa.

Mu kwana nan, sai mun sake saduwa.